Tambayoyin da leburori ke yi mini kullum a wuraren gini na Yamai

Na daɗe ina shugabancin leburori, kuma tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji. Ga su a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa.

Madara tana wanke ƙurar siminti?

A'a. Madara ciki za ta, ƙura huhu za ta, hanyarsu ma ba ɗaya ba. Sa takunkumi, ka yayyafa ruwa kafin ka yi shara ko ka yanka bulo.

Kaske (hular kwano) zafi gare shi, dole ne?

Dole ne. Na san a Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ni ma a ranar nake tsaye. Amma kai ɗaya gare ka.

Wa zai sayi kaske da safar hannu?

Mai aikin. Dokar aiki ta 2012 a wuyansa ta ɗora kare lafiyarka. Ku kuma ku daina kwaɓa siminti da silifas! Jiƙaƙƙen siminti cin fata yake yi, na ga tafin ƙafar wani yaro ya tsattsage kamar ƙasar tabki da rani.

Aikin yini nake, ba takarda. Na faɗo, ubangida ya ba ni jika biyar ya ce in je gida. Yaya zan yi?

To, nan sai a hankali, ƙanena. A doka, mai aiki zai sanar da haɗarin cikin awa 48, CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ya ɗauki nauyin magani da diyya. Amma fa hanyar tana da sauƙi ne idan an yi maka rajista, yawancinku kuwa ba a yi muku ba. Rashin takarda bai hana ka zama ma'aikaci ba, sai dai kawo shaida ya dawo kanka. Kafin mai ɗori, je likita ka karɓi takardar da ta nuna raunin da ranarsa. Ɗauki hoton wurin da waya. Ka riƙe sunan mutum biyu da suka gani, tun ba a tsorata su ba. Kuɗin kana iya karɓa, yara na jiran tuwo, amma kada ka dangwala hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Fara da sulhu, ka tafi da wani dattijo. In ya ƙi, sai ofishin sufeton aiki. Ba zan ce za ka samu komai da komai ba, wataƙila ma kada ya sake kiranka aiki, wannan ka auna da kanka. Raunin baya dai yakan dawo bayan jika biyar ɗin ta daɗe da ƙarewa.

Ai abin da Allah ya rubuta ba makawa?

Haka ne. An kuma ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Duba katakon kafin ka taka.

Tiramol ba ya ƙara ƙarfi?

Ɓoye gajiya yake yi, yana kuma kawo jiri da farfaɗiya. Wanda ya sha, ba ya hau mini bene.