Sauke gaban mashin ɗin daji da kwalta: me yake yi wa tuƙi? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa hawa irin mashinan nan da aka ƙera su bi kwalta su kuma shiga daji ya san matsalarsu ta farko tsawo ne. Suzuki DR-Z400S sit ɗinsa milimita 935 daga ƙasa, Honda XR650L ya kai 940, ko CRF300L da ake ganin na masu koyo ne 880 yake. Toh mutum in ba dogo bane sai ya tsaya da kan yatsa kamar zai faɗi, shine da yawa suke fara tunanin a sauke shakazobar gaba tunda ita ce mafi sauƙin taɓawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Wai shin yaya ma ake sauke gaban?

Hanya biyu ce. Ta farko wadda kowa yake yi, sandunan shakazoba biyun nan akwai maƙalai guda biyu da suka riƙe su a wuyan mashin, na sama da na ƙasa, sai a sassauta notinansu a zura sandunan su leƙo sama, kaga gaban ya nutse kenan. Aikin minti kaɗan ne kuma ba a sayen komai. Ta biyu kuma sai an buɗe cikin shakazobar an saka wani ɗan bututu da zai hana ta miƙewa har ƙarshe, a rage tsawon sifirin ko abin da ke danne shi daidai da haka. Daga waje duka biyun iri ɗaya suke, amma ba ɗaya bane ko kaɗan, zamu zo wajen.

In na sauke gaba da inci ɗaya, ƙafata zata samu inci ɗaya?

A'a malam, ko rabi ba zaka samu ba, kuma nan ne mutane suke shan mamaki. Na farko sandunan a kwance suke kaɗan ba a tsaye cak ba, don haka in ka zura milimita 25, wato kusan inci ɗaya, abin da gaban zai sauka a zahiri wajen 22 ne. Na biyu kai ba a kan tayar gaba kake zaune ba, sit ɗin ya fi kusa da tayar baya wadda ko motsi bata yi ba, sai ya zamana abin da ya iso wajen zamanka bai wuce milimita 9 ko 10 ba. Kaurin tafin takalmi fa kenan. Amma tuƙin mashin ɗin kuwa ya canza sosai, shi yasa ni a wajena sauke gaba shi kaɗai gyaran sitiyari ne, ba maganin gajarta bane, duk wanda ya ɗauke shi a maganin gajarta zai biya da tsada ya karɓi kaɗan.

To me yake canzawa a tuƙin takamaimai?

Abu uku ne suke motsawa tare. Akwai kwanciyar wuyan mashin, wato yadda sandunan suka jingina baya maimakon su tsaya a miƙe, a irin waɗannan mashinan yawanci digiri 27 zuwa 28 ne. In gaba ya sauka baya yana nan, duk firam ɗin ya sunkuya, wuyan sai ya ƙara miƙewa tsaye. A mashin mai tazarar taya wajen milimita 1450, duk milimita 25 da gaba ya nutse kusan digiri 1 ne ya tafi.

Sai tirel, kuma shine uban tafiyar. Ka ɗauka ka ja layi ta cikin wuyan sitiyari ya miƙe har ya taɓa ƙasa, zaka ga ya sauka a gaban inda taya take taka ƙasa, ba a kanta ba. Wannan tazarar tsakanin inda layin ya sauka da inda taya ta taka ita ce tirel, a mashin mai tayar gaba inci 21 tana kaiwa milimita 100 zuwa 115 haka. Ita ce take sa taya ta dinga komawa saiti da kanta, irin yadda tayar kujerar ofis take juyawa ta bi bayan inda ka tura ta ba tare da ka saita ta ba. Duk digiri 1 da wuya ya miƙe, tirel yana raguwa da milimita 6 zuwa 7. Adadin kamar ba komai ba ko? Hannunka zai gaya maka akwai komai tun a kwanar farko.

Na uku nauyi ya ɗan matsa kan tayar gaba, tazarar tayoyin biyu ma ta ɗan ragu kaɗan.

Shin akwai amfanin da ake samu ko duk illa ce?

Akwai mana. Mashin sai ya yi saurin karya kwana, kana ɗan tura kai ya kwanta, a hanyar daji mai kwana-kwana tsakanin bishiyoyi ko inda ake juyawa a matse wannan daɗi ne. Tayar gaba kuma tana ƙara cizon ƙasa saboda nauyin da ya hau ta, musamman a burji mai tauri inda a da gaban yake son zamewa ya buɗe waje. Masu tsere ma suna wasa da wannan, amma su milimita 3 ko 5 suke motsawa, shi yasa zaka ga wasu shakazobar an zana musu layuka a sama don a dinga ƙirgawa. Su ba don ƙafa ta kai ƙasa suke yi ba, neman yadda kai zai juya suke.

Illar fa?

Natsuwa ce take tafiya. Mashin ɗin da a da zaka saki totur a miƙaƙƙiyar hanya ya tafi ɗoɗar, yanzu sai ka ji kai yana rawa a hannunka, ɗan rami ko gargada ko iskar babbar mota in ta wuce sai ya girgiza, in abin ya yi yawa kuma sai ya shiga kaɗa kai hagu da dama da ƙarfi har ya nemi ƙwace maka hannu, wannan kuwa a gudun kwalta ba abin wasa bane wallahi. Dama tayoyin ƙuraje na daji ba su da natsuwa sosai a kwalta, ga madigadin gaba a sama yana kama iska, in ka ɗora kaya a baya nauyi yana lilo, toh ka rage tirel a kan duk wannan.

A rairayi abin ya fi muni. Yashi mai zurfi yana son gaba mara nauyi ya dinga shawagi a sama, kai kuma ka danna shi ƙasa ka miƙar masa da wuya, sai tayar ta dinga nutsewa tana naɗewa ciki, kafin ka ankara kai ya juye ka tsinci kanka a ƙasa. Haka gangara mai tsayi, dama can birki yana nutsar da gaba ya cinye tirel, kai kuma ka fara da ragi tun kafin ka taɓa birkin, sai ka ji kamar mashin zai tuntsurar da kai ta gaba.

Naji ana cewa taya zata iya bugar madigadi, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma duk cikin maganar nan wannan ce tafi bani tsoro. Ka tuna in ka zura sanduna sama baka rage tafiyar shakazobar ba, in milimita 260 take nutsewa kamar ta Suzuki DR650, har yanzu 260 ɗin zata nutse, amma filin da ke tsakanin taya da ƙasan maƙalin ya ragu da abin da ka zura. Kamfani ya bar ɗan fili ne kawai ba mai yawa ba. Ranar da ka faɗa babban rami ko ka diro daga tudu shakazoba ta nutse har ƙarshe, ƙurajen taya zasu iya cafkar madigadi, tayar gaba ta tsaya cak kana cikin gudu, sauran bayani kuma basai na yi ba. Abin haushin shine a tafiyar yau da kullum ba zaka taɓa gani ba, sai ranar.

Yadda ake gwadawa: a ɗaga gaban mashin sama, a kwance murafan shakazoba biyun don sifirin ya daina turawa, a ɗaga tayar da hannu har ta ƙure, sannan a leƙa a ga nawa ya rage tsakaninta da madigadi. A juya kai hagu da dama a haka kuma, a duba tiyon birki da wayar mita kar su naɗe ko su goga. In ka sake sabuwar taya mai manyan ƙuraje ka sake gwadawa, don sabuwa ta fi tsohuwa tsawo.

Nan ne saukewa ta ciki ta fi, tunda ita daga wajen miƙewa ake cire tsawon, inda take ƙurewa in ta nutse bai canza ba, taya ba zata kai madigadi ba. Kuɗinta shine tafiyar ta ragu, ka cire 40 daga 260 saura 220, don haka zata fi saurin dukan ƙarshe in ba an ƙara ƙarfin sifirin ko an ɗaga matakin mai a ciki ba.

Har nawa zan iya zurawa?

Ya danganta da mashin, amma akwai abubuwan da zasu tsayar da kai. Kan sandunan zai je ya tokari kan mashin in bakada abin ɗaga shi. In shakazobar irin mai kauri a sama ce, jikinta ba ɗaya bane duka, akwai wajen da aka goge daidai don maƙali ya kama, ƙasa da nan ta fara sirancewa, kada ka bari maƙali ya kama wajen. Ni dai shawarata in gaba kaɗai zaka taɓa, ka fara da milimita 5, ka hau ka ji, kada ka wuce 10 sai da dalili. Ka auna sandunan biyu su zama daidai da juna, kuma notinan maƙalin ƙasa a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi yadda littafin mashin ya ce, in aka matse su da yawa suna matse bututun sai shakazoba ta dinga cijewa.

In na riga na sa linkin saukewa a baya fa?

Toh a nan ne sauke gaba ya zama dole ma. In baya ya sauka gaba yana nan, komai ya juye: wuya ya ƙara kwanciya, tirel ya ƙaru, mashin ya yi nauyin kai, a kwana sai ya dinga turawa waje gaban kuma ba cizo. Sai ka sauke gaba don balas ya dawo. Matsalar ita ce linki, wato ƙarfen da ke haɗa shakazobar baya da hannun tayar baya, zai iya sauke baya milimita 40 ko fiye, gaba kuma ƙila 15 ko 20 kawai zai karɓa ta zurawa, ragowar sai ta ciki. Kuma dogon linki yana canza yadda ake danna shakazobar baya, yawanci sai ta yi laushi, don haka a sake auna nutsewar mashin da mahayi a kai, wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ake nema gaba da baya.

Kamfanonin da kansu haka suke yi, basa taɓa gefe ɗaya. DR650 tun na 1996 an yi shi da hanyar saukewa daga 885 zuwa 845, ana juya wani bututu a cikin shakazobar gaba, a sauya ramin noti a ta baya, a kuma sa gajeren jak, wato ƙafar da ake jingine mashin a kanta. Honda da ta fito da CRF300LS a 2023 mai sit 830, da Kawasaki da ta fito da KLR650 S mai 815 maimakon 870, gaba da baya suka rage tare.

Ba zan iya sassauta sifirin kawai ya nutse da kansa ba?

Zai sauka, amma hanya ce mara kyau. Ka cinye tafiyar shakazoba tun kana zaune baka hau komai ba, ga birki zai dinga nutsar da gaba da yawa. Bar wannan.

Me kuma ya kamata in duba bayan an sauke?

Jak na farko. Mashin ya gajarta jak bai gajarta ba, sai ya tsaya kusan a miƙe, iska kaɗan ko wani ya jingina sai ya faɗi ta dama, a yanke shi a yi walda ko a sa gajere. Fitila ma ta sunkuya, da dare zaka ga haskenta ya tsaya kusa, a ɗaga saitinta. Sannan cikin injin da wajen taka ƙafa sun matso ƙasa, dutsen da kake tsallakewa a da yanzu zai iya dukan farantin ƙasa.

To ni da ƙafata kawai nake so ta kai ƙasa, me zan fara yi?

Ka fara da sit. A cire fata a sassaƙe soson milimita 20 zuwa 30, duk abin da aka cire ƙafarka ce ta same shi cif, kuma tuƙi bai canza da komai ba. A sassaƙe gefunan ma, don faɗin sit yana buɗa cinya ya cinye tsawon ƙafa, wani lokacin rage faɗin ya fi rage tsawon amfani. Illarsa kawai gwiwa zata ƙara lanƙwashewa kuma doguwar tafiya zama zai yi tauri. Takalmi mai kaurin tafi zai ƙara maka wasu milimita. Sannan ka saba da tsayawa da ƙafa ɗaya, ka zame ɗuwawu gefe ka dasa ta hagu sosai ta dama tana kan birki, gajerun mahaya da yawa haka suke sarrafa dogayen mashina. In duk wannan bai isa ba sai a je ga shakazoba, gaba da baya tare, kuma in abin ya wuce milimita 20 a kai wa makanike mai aikin shakazoba ya yi ta ciki.