Yadda algaita mai jaka ta bar sahun sojoji ta shiga cikin mawaƙan Sikotland

Kowa ya san algaitar nan ta mutanen Sikotland mai jakar fata, wadda ake busa iska a cikin jakar a matse ta a hammata, bututu uku suna ta gunji a kafaɗa, ɗaya kuma a hannu ana taɓa ramukansa. Aikin da mai algaitarmu yake da kumatunsa don kar sauti ya yanke, shi jakar ke yi musu. To amma da daɗewa ba ta zama cikin ƙungiyar mawaƙa. Ta fili ce, ta fareti. Bayan yaƙin Culloden a 1746 an karya ƙabilun tsaunuka, daga baya rundunar Birtaniya ta ɗebi samarinsu da algaitarsu ta zaga duniya da su, shi ya sa har yau za ka gan ta a faretin sojoji a ƙasashe da yawa da Ingila ta mulka.

Waƙoƙin gargajiya kuwa suna gida da bakin masunta da masaƙa da manoma. A 1951 aka buɗe makarantar nazarin al'adun Sikotland a jami'ar Edinburgh, su Hamish Henderson suka dinga bin ƙauyuka da rikoda suna naɗar tsofaffi, wannan ya farfaɗo da abin sosai, matasa suka fara kafa ƙungiyoyi da gita da goge da sarewa.

Cikinsu akwai Tannahill Weavers, wato Masaƙan Tannahill, da aka kafa a garin Paisley a 1968, sunan Robert Tannahill suka ɗauka, mawaƙin garin wanda shi ma masaƙi ne. Suna cikin na farko da suka yi ƙarfin halin shigo da babbar algaitar cikin kiɗansu a shekarun 1970, kuma fa ba ƙaramin aiki ba ne, don sauti tara kacal take fitarwa, ba ta iya yin ƙasa-ƙasa, sannan muryarta ba ta dace da saitin gita ba, dole sauran kayan kiɗan su bi ta, ita ba ta bin kowa. Roy Gullane na gita da waƙa, Phil Smillie na sarewa da bandiri, algaitar na tashi a tsakiyarsu kai ka ce rufin zauren zai ɗage.

Gaskiya ni a ganina sun yi wa kayan kakanninsu gata babba. Battlefield Band na Glasgow ma suka haɗa ta da kibod na lantarki, yanzu kuma sai ka sha wuya kafin ka je bikin kiɗan gargajiya a can ba ka ji ta a kan dandamali ba.