Sauri da Ƙaruwar Sauri a Wajen Sauya Ma'auni

A kimiyyar fiziks, sauri shi ne nisan da abu ya ci cikin wani lokaci. Ƙaruwar sauri kuwa ita ce yadda saurin kansa, ko inda abu ya dosa, yake sauyawa. Sunan yana ɗan ruɗarwa, domin taka birki ma yana cikinta, haka nan karya kwana a shataletale ko da allurar mota ba ta motsa ba.

A tsarin ma'aunai na duniya da aka amince da shi a 1960, ana auna sauri da mita a sakan (m/s). Direbobi sun fi sanin kilomita a awa (km/h). Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya sakan 3,600, shi ya sa ake raba km/h da 3.6 a sami m/s. Layin dogon Kaduna zuwa Abuja, wanda aka buɗe a 2016, kimanin kilomita 186 ne. Jirgin da ya tashi daga tashar Rigasa a Kaduna ya isa tashar Idu a Abuja cikin awa biyu ya yi matsakaicin gudun 93 km/h, wato kusan 26 m/s.

Ƙaruwar sauri ita ce mai kayar da ɗalibai, saboda lokaci sau biyu yake shiga cikinta: mita a sakan, a kowane sakan (m/s²). A ce mota ta tashi daga tsaye a Kawo, ta kama hanyar Zariya, ta kai 72 km/h cikin sakan 10. Wannan 20 m/s ke nan, saurinta yana ƙaruwa da 2 m/s². Mai gaggawa zai ninka 2 da 3.6, ya sami 7.2, ya rubuta km/h², wato kilomita a awa, a kowace awa. Adadin ba ƙarya ba ne, ma'aunin ne bai dace ba: 7.2 kilomita a awa ne da ake ƙarawa kowane sakan. In km/h² ake nema, dole a sauya sakan ɗin duka biyu, a sake ninkawa da 3,600. Amsar 25,920 ce, domin 1 m/s² daidai yake da 12,960 km/h². Girman wannan adadi ne ya sa ba a cika amfani da ma'aunin ba.

Mangwaron da ya faɗo daga bishiya yana samun ƙarin kusan 9.8 m/s kowane sakan saboda jan ƙasa, in an cire turjiyar iska. A harshen direbobi, ƙarin kilomita 35 a awa ke nan duk sakan ɗaya.