Koyar da Rashanci da Adabin Rasha a Jami'ar Landan

Makarantar Nazarin Al'ummomin Silab (Rashawa da danginsu na harshe) da Gabashin Turai, wadda aka fi sani da SSEES, tana cikin manyan wuraren da ake koyar da Rashanci da adabin Rasha a Birtaniya, kuma tarihinta a ɗaure yake da yaƙe-yaƙe da siyasar ƙarni na 20, domin sau da dama su ne suka sa gwamnati ta waiwayi wannan fanni. An kafa ta a shekarar 1915 a cikin Kwalejin King's ta Landan, lokacin da Rasha da Birtaniya ke ƙawance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masanin tarihi R. W. Seton-Watson ne ya yi ruwa ya yi tsaki wajen kafa ta, shi kuwa Tomas Masaryk, wanda daga baya ya zama shugaban Cekosulobakiya na farko, shi ya gabatar da laccar buɗe ta a watan Oktoba na wannan shekara.

Ɓangaren Rashanci ya tsaya da ƙafarsa ne a hannun Bernard Pares, wanda tun 1907 ya assasa makarantar nazarin Rasha a Jami'ar Libaful, ya kuma riƙe daraktancin makarantar Landan daga 1922 zuwa 1939. A zamaninsa aka fara buga mujallar Slavonic Review a 1922, sannan a 1932 makarantar ta rabu da Kwalejin King's ta zama cibiya mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Jami'ar Landan.

Malamin da ya ɗaga darajar darasin adabi a waɗannan shekaru shi ne Dmitri Mirsky, ɗan gidan sarauta wanda ya yi yaƙi a rundunar masu adawa da Bolshebik, wato 'yan gurguzun da suka ƙwace mulki a Rasha, kafin ya yi gudun hijira. Ya koyar daga 1922 zuwa 1932, kuma a tsakanin nan ya wallafa tarihin adabin Rasha da Turanci cikin juzu'i biyu, a 1926 da 1927, aikin da har yau ɗalibai ke komawa gare shi saboda kaifin hukuncinsa a kan marubuta, ko da mai karatu bai yarda da shi a ko'ina ba. Abin takaici shi ne yadda rayuwarsa ta ƙare. Ya rungumi aƙidar gurguzu, ya koma Tarayyar Sobiyet a 1932, aka kama shi a 1937, ya rasu a sansanin gwale-gwale kusa da Magadan, can gabashin Rasha mai nisa, a 1939.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, rahoton 1947 na kwamitin Scarbrough, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa, ya ba da shawarar a ƙara kuɗi don koyar da harsunan Silab da na Asiya da Gabas ta Tsakiya da na Afirka, sai aka samu sababbin guraben malamai. Yaƙin Cacar Baka ya ƙara matsa lamba: tsakanin 1951 da 1960 rundunar sojan Birtaniya ta koya wa dubban matasa masu aikin soja na dole Rashanci, kuma waɗanda suka fi hazaƙa a cikinsu an tura su Landan ko Kambirij domin horon tafinta. Da yawa daga cikinsu sun zama malaman jami'a da masu fassara, abin da ya sa buƙatar tsaro ta haifar da ribar da ta wuce manufarta ta asali. Rahoton wani kwamitin kuma, na Hayter, a 1961 ya karkata hankali ga tattalin arziki da siyasa da zamantakewa, har nazarin Rasha ya daina tsayawa kan nahawu da adabi kaɗai.

A 1999 makarantar ta haɗe da Kwalejin Jami'ar Landan, wato UCL, kuma a 2005 ta tare a sabon gininta da ke Titin Taviton, inda ɗakin karatunta yake a tsakiyar ginin. Ɗaliban digirin farko na Rashanci sukan yi shekara huɗu, ɗaya daga ciki a ƙasar waje, amma tun mamayar da Rasha ta kai wa Yukiren a 2022 jami'o'in Birtaniya suka dakatar da tura ɗalibai Rasha, suka koma neman gurabe a ƙasashe irin su Kazakistan da Istoniya, inda har yanzu ake jin harshen a kasuwa da kan titi.