Sauya Sifika da Gyaran Dashbod a Tsohuwar Mota: Tambayoyi da Amsoshi

A Jos har yanzu akwai masu riƙe da Peugeot 504, wadda kamfanin Peugeot na Najeriya (PAN) ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna bayan ya fara aiki a 1975, da Volkswagen Beetle, da Mercedes W123 da aka fara sayarwa a 1976. Injin irin waɗannan motoci yakan jure, amma sautin rediyo da fuskar dashbod su ne ke fara nuna tsufa. Ga tambayoyin da masu su suka fi yi.

Ta yaya zan gane cewa sifika ce ta lalace, ba rediyo ba?

Idan sauti yana fita amma da kaɗawa ko kakari, musamman lokacin da aka ƙara murya, yawanci laifin sifika ne. Fatar tsohuwar sifika da takarda aka yi ta, gefenta kuma da soso ko yadi, kuma shekarun da ta yi a ƙarƙashin gilashin gaba suna busar da ita har ta yage ko ta marmashe da zarar yatsa ya taɓa ta. Idan babu sauti ko kaɗan, sai a zare wayoyinta biyu, a taɓa su da ƙaramin batir mai bolt 1.5, irin na tocila. Sifika mai rai za ta yi ɗan ƙara, fatarta kuma ta motsa. Idan ta motsa, to sai a nemi matsalar a fis, ko a waya, ko a rediyon kansa. Kada a bar tsohon rediyo a kunne alhali babu sifika a jone da shi, domin wasu daga cikinsu sukan ƙone a haka.

Shin kowace sabuwar sifika za ta yi aiki muddin ta shiga ramin?

A'a, kuma a nan mutane suka fi asarar kuɗi. Mai saye yakan tafi kasuwar Dilimi ta Jos da faɗin ramin kawai a kansa, ya manta da zurfi. Sifikokin zamani suna da maganadisu babba mai kauri, wanda yakan tokare bututun iskar hita ko ƙarfen da ke bayan dashbod, har murfin ya ƙi zama. Saboda haka a ciro tsohuwar, a tafi kasuwa da ita a hannu, a gwada faɗi da zurfi da wurin ramukan kusoshi.

Abu na biyu shi ne yawan om, wato ma'aunin yadda sifika ke rage gudun wutar da ke ratsa ta, wanda akan rubuta a bayan maganadisu. Mafi yawan sifikokin mota na yanzu om 4 ne, alhali wasu tsofaffin rediyoyi, musamman na motocin Amurka, an yi su ne domin om 8 ko 10. Idan aka haɗa irin wannan rediyo da sifika mai om 4, zai riƙa jan wuta fiye da ƙarfinsa, ya yi zafi, daga bisani ya mutu. Wanda zai auna da mita ya sani cewa sifika mai om 4 takan nuna ƙasa da haka kaɗan, kusan 3 da wani abu, kuma wannan ba aibu ba ne. Haka nan lambar wat da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali ba abin ruɗuwa ba ce, tun da tsohon rediyo wat kaɗan yake fitarwa, kuma sifika mai sauƙin motsi ta fi masa amfani fiye da mai nauyi da aka yi domin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Idan zurfi ya yi daidai amma faɗi bai kai ba, a yanka zobe na siririn katako ko roba mai tauri a ɗaura sifikar a kai. A ganina yanka ƙarfen dashbod domin shigar da babbar sifika ɓarna ce, domin sifika ana iya sauya ta gobe, ƙarfen da aka yanke kuwa ba ya dawowa, kuma darajar motar tana raguwa.

Idan na sa sabon rediyo, zan iya amfani da tsofaffin wayoyin?

Sai an duba tukuna. A motoci da yawa na da, waya ɗaya ce ke zuwa sifika, jikin mota kuma shi ke zama ta biyu. Sabon rediyo yana buƙatar wayoyi biyu ga kowace sifika, kuma idan ɗayarsu ta taɓa ƙarfen mota zai iya ƙonewa nan take. A W123 akwai ɗan majuyi a tsakanin kujerun gaba mai raba sauti tsakanin gaba da baya, wanda rewaya mai sani yakan tsallake idan zai haɗa sabon rediyo. Kafin a taɓa kowace waya, a cire kan batir na nagatif, sannan a ɗauki hoton bayan dashbod da wayar hannu, a kuma manna wa kowace waya tef mai lamba. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin tef, wanda ya zama ruwan dare a garejinmu, ba ya jure girgizar hanya. A yi dalma ko a matse da kan haɗi.

Me ke sa dashbod tsagewa?

Saman dashbod leda ce ta roba da aka shimfiɗa a kan soso. Rana da zafi suna fitar da sinadarin da ke ba ledar laushi, sai ta taurare ta takure. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda hasken rana yake da kaifi ko da iska tana da sanyi, sannan a lokacin hunturu ledar tana buɗewa da rana, tana tsukewa da dare. Tsaga takan fara daga wurin da ya fi rauni, wato gefen ramin sifika da bakin ramukan iska.

Za a iya gyara tsagar, ko sai an sauya dashbod gaba ɗaya?

Ya danganta da yawanta. Tsaga ɗaya ko biyu ana iya gyara su: a yanke leɓen da ya tashi da reza har ya zama kwari, a cire soson da ya ruɓe, a cike da abin cikewa mai lanƙwasuwa, a goge da samfefa, sannan a fesa fentin leda. Fotin da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi yana da tauri, don haka yakan sake tsagewa idan zafi ya yi yawa. Kafin fenti dole a wanke duk man sheƙi da aka taɓa shafawa, domin fenti ba ya kama inda man yake. Fentin kuma ya zama baƙi marar ƙyalli, saboda mai ƙyalli yana haska gilashin gaba ya dame direba.

Idan tsagar ta game ko'ina kamar ƙasar fadama a rani, gyaran ɗai-ɗai ɓata lokaci ne. A nan ko dai a ɗora murfin roba da aka ƙera daidai da samfurin motar, ko a ciro dashbod ɗin a kai wa mai ɗinkin kujerun mota ya sake rufe shi da sabuwar leda. Dashbod na gwanjo yana da kyau idan an samu, amma a danna shi da yatsa kafin a biya, domin wanda ya taurare yana gab da tsagewa ko da fuskarsa lafiya lau take.

Wane aiki ya kamata a fara yi?

Idan za a ciro dashbod, a gama duk abin da ke bayansa a lokaci guda: sifika, ƙwayayen fitilun mita, bututun iska, da wayar sifidomita. A gwada rediyo da fitilu kafin a ɗaure kusa ta ƙarshe. Murfin sifika kuma a ɓamɓare shi da abin roba maimakon sukudireba, domin haƙoransa sun bushe, kuma samun irinsa a kasuwa ya fi samun sifikar wuya.