Yadda ake gane ko ana bin ƙa'idar maganin hawan jini a asibitocinmu

Mai hawan jini a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, yakan bi ta hannu uku cikin shekara guda: nas a ƙaramin asibitin unguwa, likita a babban asibiti, sai mai kantin magani. Idan kowa ya rubuta abin da ya saba, mara lafiya ne ke shan wahala. Shi ya sa ma'aikatar lafiya ke fitar da ƙa'idar jiyya da jerin magungunan da ba a so a rasa a asibiti. Ba doka ce ta kotu da za a ɗaure wanda ya saɓa mata ba. Likita na iya kauce mata idan yana da dalili, amma dalilin ya kamata ya fito a rubuce.

Ƙasashe da yawa suna ɗora tasu ƙa'idar kan jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021. Ta ce a fara magani idan an tabbatar awo ya kai 140/90, kuma ga mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki a fara tun lambar sama tana 130. Ta zaɓi rukuni uku da za a fara da su: masu sa fitsari irin su hydrochlorothiazide, dangin amlodipine, da dangin enalapril ko losartan. Ta fi son a haɗa biyu, in da hali cikin ƙwaya ɗaya. Mara lafiya ya dawo duk wata har jini ya sauka, daga nan kuma bayan wata 3 zuwa 6. Ta yarda nas ko mai harhaɗa magani ya kula da masu hawan jini, muddin ya samu horo kuma akwai likitan da ke sa ido. Wannan ya shafe mu sosai a arewa, inda likitoci suka yi ƙaranci.

Akwai kuma binciken CREOLE na 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida har da Kamaru, kan mutum 728. Ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata kan haɗin perindopril (ɗan dangin enalapril) da hydrochlorothiazide.

To, ta yaya ake auna ko ana bin ƙa'idar? Mai bincike ya ɗebi takardun marasa lafiya na wasu watanni, ba wai ya zaɓi masu kyau ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. An rubuta awon jini? Maganin na cikin rukunan da aka amince? An rubuta shi da sunansa na asali ko da sunan kamfani mai tsada? An haɗa enalapril da losartan, waɗanda ba a haɗawa? An ba mai ciki ɗayansu, alhali suna cutar da ɗan tayi? Sai a raba adadin takardun da suka dace da jimillar duka, a ninka sau ɗari, a samu kaso cikin ɗari.

A ganina tambayar da ta fi nauyi ita ce wadda aka fi tsallakewa. Dattijo ya dawo wata na uku, awo ya nuna 160/100, aka sake rubuta masa amlodipine miligiram 5 kamar yadda yake, aka ce Allah ya ƙara sauƙi. Wanda ke ƙirga sunan magani kawai zai ce an bi ƙa'ida, don maganin na cikin jeri. Amma ba a bi ba. Ya kamata a tambaye shi ko yana sha kullum, a tambaye shi ko yana sayen diclofenac ko ibuprofen a kasuwa don ciwon gwiwa, domin suna ɗaga jini, sannan a ƙara ƙarfin maganin ko a haɗa masa na biyu. Binciken da bai bi mutum ɗaya daga wannan zuwan har zuwa na gaba ba, zai bai wa asibiti maki mai kyau alhali mutane na shanyewa.

Sai kuma adalci ga ma'aikata. Magani na fitowa daga CENAME, cibiyar gwamnati da ke samar wa asibitoci magunguna, ya bi ta rumbunan yankuna kafin ya iso ƙauye, kuma yana yankewa. Nas ɗin da ya rubuta abin da ke kan kanta, ko abin da aljihun mara lafiya zai ɗauka, ba jahilci ya yi ba. Binciken kirki yana duba rajistar kantin asibiti a ranar da aka rubuta takardar, ya ware wanda ya saɓa don rashin sani daga wanda ya saɓa don babu.

Wata matsalar ita ce littafin asibiti yana tafiya gida tare da mai shi, mai bincike kuma abin da ba a rubuta ba yana ɗaukarsa ba a yi ba. Don haka ku riƙa zuwa da littafi ɗaya kowane asibiti, ku nemi a rubuta awon da kwanan wata da ranar dawowa. Mace mai shan maganin hawan jini da ta samu ciki, ko take nema, ta faɗa tun kafin a rubuta, don a sauya mata zuwa irin su methyldopa ko nifedipine.