Masunta, dan Allah ku daina yini da jiƙaƙƙen kaya a jiki

Wallahi abin nan ya ishe ni, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai karanta wa wani. Daga shigowar sanyin bana zuwa yau mutum huɗu aka kawo mana a ɗan asibitin da nake aiki a bakin ruwan Kainji ta ɓangaren Yawuri, dukansu masunta ne, dukansu da sassafe aka kawo su, kuma dukansu kayan jikinsu sharkaf da ruwa. Ba kada ba ne ya kama su, ba dorina ba ce ta kife musu jirgi, kayan da suka jibga don maganin sanyi su ne suka kusa kai su lahira.

Na makon jiya shi ne ya fi tsaya min a rai. Mun idar da sallar asuba kenan ko shayi ban sha ba sai ga mashin, an saka yaro a tsakiya mutum biyu sun tallabe shi, ba zai wuce shekara 20 ba. Sun je ɗaga kalli tun wajen ƙarfe uku na dare, ragar ta maƙale a kututture, ya miƙe tsaye yana fizga, kwalekwale ya karkace ya zuba shi a ruwa. Wannan ba sabon abu ba ne, kowa ya san tunda aka gama dam ɗin nan a 1968 ruwa ya shanye dazuka da garuruwa har da tsohuwar Bussa, itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har gobe. Faɗuwar ba ita ce ta dame ni ba, minti biyu bai yi a ciki ba abokan suka jawo shi. Abin da ya biyo baya ne. Sai ya koma ya zauna a gindin jirgi da kayan nan a jikinsa, su kuma suka ci gaba da ɗaga raga, wai ba za a bar kifi ba, sama da awa ɗaya iskar hunturu tana dukansa.

Ku ji abin da na cire a jikin yaron nan. Ƙaton kwat na gwanjo mai auduga a ciki, rigar yadi, wata rigar a ƙasanta, singileti, wandon jins guda biyu ɗaya kan ɗaya, rawani, da dogon takalmin roba wanda ruwa ya cika shi fal. Zif ɗin kwat ɗin ya ƙi buɗuwa, yatsunsa kuma sun ƙage ba ya iya kama komai, dole da almakashi na yanka. Da muka matse kwat ɗin shi kaɗai sai da ya kusa rabin bokiti. Leɓensa ya yi toka-toka, ina tambayarsa sunansa yana min magana kamar mai maye, na saka ma'aunin zafi ya nuna 34 da 'yan kai, alhali lafiyayyen mutum 37 yake. Kuma ya daina karkarwa. Ɗaya daga cikin abokan har yana ce min ai da sauƙi likita, tun a hanya ya bar rawar ɗari. Innalillahi. Ɗan'uwa, mutumin da ke jiƙe cikin sanyi in ya daina karkarwa yana ta layin barci, ba sauƙi ya samu ba, jikin ne ya gaji da faɗa.

Da mahaifinsa ya iso sai cewa ya yi, likita ai ɗan ruwa ne, a bakin ruwa aka yanke masa cibiya. Na ce Baba Allah ya ƙara girma, ban musa ba, ya fi ni iya iyo sau ɗari, amma ba ninƙaya ce ta gagare shi ba, sanyi ne ya shige shi, kuma sanyi ba ruwansa da ɗan wa kake. Alhamdulillahi yaron ya farfaɗo, kwana biyu ya yi a wurinmu sabida ya shaƙi ruwa kaɗan kuma ƙirjinsa ya fara kuka.

Ni ba zan koya muku su ba. Ban san inda tarwaɗa ke kwana ba, ban iya jefa birgi ba, ko filafili aka ba ni sai in yi ta juyi da jirgi wuri ɗaya kuna min dariya. Ina kuma ganin wahalar da kuke sha, mu muna ƙudundune cikin bargo a watan Disamba da Janairu ku kuna tsakiyar ruwa cikin hazo don iyali su ci, Allah ya sa albarka a nema. Amma jikin mutum kam aikina ne, kuma abu ɗaya nake ta nanatawa har muryata ta dishe: kaya in ya jiƙe ya tashi daga maganin sanyi ya koma shi ne sanyin. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen ninki 25. Jiƙaƙƙiyar riga a jikinka kamar randa ce, ai kun ga yadda randa ke sanyaya ruwa in iska na bugunta, to haka kake zama, kai ne ruwan cikin randar.

Kuma ba sai ka faɗa ruwa ba fa. Wannan shi ne abin da da yawanku ba ku yarda da shi ba. Raga tana ɗiga a cinyarka, igiyar ruwa tana fantsamo maka, kana zaune a jirgin da ke yoyo, hannun riga ya jiƙe har gwiwar hannu, ga gumin jan taru a ciki, kafin gari ya waye ka jiƙe tsaf ba tare da ka sani ba. Sai a fito bakin gaɓa a tsaya cinikin kifi da dillalai da kayan nan, a tsaya gyaran raga da kayan nan, a sha shayi da kayan nan, wani ma har ya kishingiɗa ya yi barci a cikinsu wai za su bushe a jiki. Haba! Da ɗumin jikin wa za su bushe? Da naka. Kai ne ka zama igiyar shanya, kai ne kuma ranar.

Na san za a ce to likita me za mu saka, mu ba Turawa ba ne. Gaskiya ne. Can su Kanada da Amurka masu kamun kifi a ɗan siririn jirgin nan na mutum ɗaya da suke kira kayak suna da wata riga ta roba tun daga wuya har ƙafa wadda ruwa ba ya shiga, don su ruwansu har ƙanƙara yake yi, kuɗinta kuma sai ya sayi injin jirgi. Ba ita nake ce ku saya ba. Amma akwai magana ɗaya tasu da na ɗauka, cewa mutum ya yi shiga kamar yau zai faɗa ruwa, ba kamar zai zauna a jirgi ba. In ka tsaya gaban ƙofa da dare kana jibga kaya, tambayi kanka, in na faɗa da waɗannan zan iya ɗaga hannu? Zan iya hawowa jirgi da wando biyu da takalmi cike da ruwa?

Abin da ya dace ma ya fi kwat ɗin arha. Rigar ƙwallon nan da yaranku ke yawo da ita ta Arsenal ko Kano Pillars, irin yadinta ba ya riƙe ruwa, ka matse ka yarfa ta kusa bushewa, ita ce ta fi dacewa ta taɓa fata, ba singiletin auduga ba. A kanta suwaita ta ulu ko mai laushin nan mai gashi-gashi marar nauyi, suna nan jibge a wurin 'yan gwanjo ranar kasuwa. A sama kuma rigar ruwan sama ta leda irin ta 'yan acaɓa, ita ce ke tare iska da fantsamar ruwa. Wando ɗaya na tirenin, ba jins ba, jins in ya sha ruwa sai ya yini bai bushe ba. Hular sanyi mai rufe kunne. Shikenan fa. Babbar riga da doguwar jallabiya da mayafin da ake naɗawa a wuya yana reto, dan Allah a bar su a gida, in ba su naɗe maka ƙafa a ruwa ba sai su kama ƙugiya ko raga ko injin.

Amma ko wannan ka saka zai jiƙe, shi ya sa nake komawa kan maganata. A tafi da kayan canji. A TAFI DA KAYAN CANJI. Riga ɗaya, wando ɗaya, hula, da ɗan tawul ko tsohon zani, a ƙulle a leda biyu a jefa a robar fenti mai murfi a ɗaure a jikin jirgi. Nawa wannan zai ci? Kuna da ledar da kuke naɗe waya da taba don kada su jiƙe, na gani da idona, waya tana da gata jiki ba shi da shi. Iyaye mata da matan gida ku nake roƙo musamman, tunda su mazan in an faɗa sai su ce to, gobe su manta, ku ƙulla musu kayan nan kamar yadda kuke ƙulla musu tuwo, in ya fita bai ɗauka ba a bi shi da shi har bakin ruwa.

Sai yaran da kuke ɗauka suna kwarfar ruwa. Nan ne raina ke ɓaci sosai. Uba yana sanye da kwat, yaro ɗan shekara tara yana tsugune a cikin ruwan gindin jirgi da yagaggiyar riga ɗaya da gajeren wando tun tsakar dare, haƙoransa na haɗuwa, in ya yi ƙorafi a ce raki ne, mu ma haka muka taso. Yaro ya fi babba saurin hucewa, jikinsa ƙarami ne ba tsoka ba kitse. Biyu cikin huɗun da na ce an kawo mana yara ne. In dole sai an fita da shi to a fara shirya shi kafin a shirya kai, in ba haka ba a bar shi ya yi barcinsa ya tafi makaranta.

Laif jaket kuma, wato rigar nan da ke hana mutum nutsewa, kun san ra'ayina. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta daɗe tana cewa kada a hau ruwa ba ita, wasu ma an raba musu kyauta, na shiga gidaje na gan ta an mayar da ita matashin kai. Duk mutumin yankin nan yana tuna jirgin Wara na watan Mayun 2021 da ya ɗauko sama da mutum 150 ya nutse, kuma wannan lokacin zafi ne ma. A cikin sanyi hannu da ƙafa ne ke fara mutuwa, gwanin iyo sai ya ga yana ba hannunsa umarni hannun ya ƙi. Laif jaket ce za ta riƙe maka kai a sama kafin a zo, ga shi tana ƙara ɗumi a ƙirji. A saka ta a saman kaya a ɗaure igiyoyin, ba a ajiye ta a ƙarƙashin raga ba. Masu farfaɗiya kuwa ko da wasa kada su hau ba ita, kada kuma su fita su kaɗai.

Masu haɗiyar tiramol da sauran ƙwayoyi wai don kada su ji sanyi, sanyin yana nan yana aikinsa, kai ne dai ka daina ji, kuma tiramol yana jawo jijjiga, ka yi tunanin ta kama ka a tsakiyar ruwa. Masu kurɓar giya ma haka, ɗumin ƙarya ne, zafin jikin ma fita yake ƙara yi.

In abin ya faru, ga shi a gurguje don an fara layi a waje:

- a bar ragar, a nufi gaɓa, kifi ba zai ƙare ba
- a tuɓe masa jiƙaƙƙen kaya nan take tun a cikin jirgi, ba kunya a nan, a goge shi a saka masa busassu
- a rufe kai da ƙirji, a kare shi daga iska, in ba bargo wani ya rungume shi a lulluɓe su tare
- in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya a ba shi shayi ko kunu mai ɗumi da sukari, in ba ya gane mutane kada a ɗura masa komai
- kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a kwara masa ruwan zafi, kada a manna shi da wuta, fatar ba ta ji sai ta ƙone
- kada a kulle shi a ɗaki da kaskon gawayi, hayaƙin da ba a gani yana kisa
- a ɗauke shi a hankali a kwance a kawo shi asibiti

Wanda duk ya shaƙi ruwa, ko da ya tashi yana dariya yana cewa ba komai, a kawo shi mu saurari ƙirjinsa, wani sai bayan awanni numfashi ke sarƙe masa. Masu tarin da ya wuce sati biyu kuma ku daina cewa sanyin ruwa ne, ku zo a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne.

Na yi magana da Sarkin Ruwan garinmu ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai tara mutane a bakin mashaya. Zan zo da kwat ɗin yaron nan da na yanka, mahaifinsa ya bar min, da bokitin ruwa, za mu tsoma shi a gaban kowa sannan duk mai ganin shi ƙato ne ya saka ya ɗaga hannu mu gani. Kowa ya zo da robar fentinsa, ledoji ni zan kawo.